Abin Da Ba Ya Ƙarewa Da Wutar Da Ba Ta Mutuwa: Darasin Turanci

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so mu yi wani darasi na Turanci tare. Amma kafin mu shiga, bari in ba ku labarin abin da ya jawo shi, ko da ya ke labarin jin kunyata ne.

Lokacin gwajin koyarwa na bara an tura ni wata makarantar firamare da ke kusa da zangon Hausawa, aka ba ni aji shida. Ran nan muna cikin karatu sai muka tarar da kalmar "permanent". Wani yaro ya ɗaga hannu ya tambayi ma'anarta. Ni kuwa, don in nuna musu malaminsu ya sha Turanci, sai na juya ga allo na jera musu kalmomi biyar: permanent, durable, eternal, immortal, everlasting. Na ja layi a ƙarƙashinsu na ce, "Duk ma'anarsu ɗaya ce, watau abin da ya ke daɗewa ba ya ƙarewa. Gobe kowa ya rubuto mini jimla uku."

Kashegari ga abin da na tarar cikin littattafansu. Wani ya rubuta, "My father bought an eternal bicycle." Wani ya ce, "My uncle is an immortal clerk in the ministry." Wata yarinya kuwa, mai hankali ƙwarai, ta rubuta da kyakkyawan hannu, "God is very durable." Watau ta siffanta Mahalicci da kalmar da a ke yabon takalmi da ita a kasuwa. Na ɗauki jan biro zan soke, sai malaminmu da ya zo duba aikina ya dafa hannuna ya ce, "Kada ka soke musu. Ba su yi kuskure ba, abin da ka koya musu suka rubuta."

Tun daga ran nan na zauna da ƙamus, na bi kalmomin nan ɗaya ɗaya har na gane inda suka rabu. Abin da na samo shi na kawo muku, domin kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

MABUƊIN DARASIN

Kowane abu a duniya yana da abin da ya ke cinye shi. Riga, sawa da wanki su ke cinye ta. Rafi, rani ya ke shanye shi. Wuta, ruwa ya ke kashe ta. Yunwa, abinci ya ke maganinta. Mai rai kuwa mutuwa ta ke jiransa. To, kalmomin nan na Turanci ba daɗewa kaɗai su ke faɗi ba. Kowace ɗaya tana faɗin abin da aka gagara. Saboda haka in kana son ka zaɓi kalma daidai, tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: wannan abu, mene ne ya kasa gamawa da shi?

Mu ma haka mu ke yi cikin Hausa, sai dai ba mu lura ba. Mu kan ce yadi yana da ƙarko, rini ya kama, ma'aikaci ya tabbata a aiki, zaman lafiya ya ɗore, aure mutu ka raba, mulkin Allah kuwa madawwami ne. Ba mahalukin da zai shiga kasuwa ya ce a ba shi madawwamin takalmi. Ashe abin da mu ke kiyayewa cikin harshenmu shi mu ke sakaci da shi cikin na wasu.

Me ya sa kalmomin suka yi yawa haka? Dalili yana cikin tarihi. A shekarar 1066 William, sarkin yankin Normandy na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru masu yawa, Latin kuwa shi ne harshen malamai. Talakawa ba su yar da nasu harshen ba, sai dai suka yi ta aron kalmomi suna ƙarawa. Don haka sau da yawa za ka ga abu ɗaya da suna biyu, na gida da na aro. Lasting da everlasting da unquenchable tushensu na gida ne. Permanent da eternal da inextinguishable tushensu Latin ne. Daidai ya ke da yadda mu ke da "daɗewa" tamu ta gado, ga kuma "dawwama" da "abada" da muka aro daga Larabci.

Akwai kuma wani littafi da ya ke ruɗa ɗalibai in ba su san amfaninsa ba. A 1852 wani likita ɗan Ingila mai suna Peter Mark Roget ya fitar da littafin da ya tara kalmomi masu kusancin ma'ana wuri ɗaya, ana kiran irinsa thesaurus. Littafi ne mai amfani, amma kamar layin 'yan hatsi ya ke a kasuwa. Gero da dawa da maiwa duk suna layi ɗaya, duk da haka mai son fura ya san wanda zai auna. Daga irin wannan jeri na kwaso kalmomin da na zuba wa yara.

KAYAN KASUWA DA ABIN DA YA SHA WUYA

Durable. Tushenta "durus" na Latin, watau mai tauri. Abin da ta gagara shi ne amfani da gogayya ta yau da kullum. Kalma ce ta kaya: takalmin taya, tukunyar ƙarfe, yadin kaki, kujerar makaranta. "These sandals are durable." Hausarta ƙarko ko ƙwari. Abu mai ƙarko lalle zai ƙare wata rana, sai dai zai riga ya biya kuɗinsa.

Lasting. Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce mafi faɗi. An fi sa ta ga abin da ba a taɓawa da hannu: lasting peace, lasting friendship. In ka rasa wadda za ka ɗauka, ɗauki wannan, da wuya ta kunyata ka.

Enduring. Danginta ɗaya da durable, amma ta fito daga fi'ilin "endure", watau jurewa. Ana faɗinta ga abin da ya sha wuya bai karye ba. Abotar da ta shekara goma cikin daɗi, lasting ce. Wadda ta ratsa talauci da nisa da tsegumin mutane ba ta tsinke ba, ita ce enduring.

Fast. Ga wani tarko nan. Kowa ya san fast ta sauri da fast ta azumi, amma ma'anarta ta asali ita ce abin da ya kafu daram, kamar yadda mu ke gani cikin "fasten" da "steadfast". In ka ga an rubuta "fast colours" a jikin atamfa, ba gudu launin ya ke yi ba. Nufi shi ne ba ya zuba in an wanke. Marinan Ƙofar Mata a Kano, masu tsoma yadi cikin baba su fitar su sake tsomawa har ya kama, wannan fast ɗin su ke nema.

PERMANENT

Wannan kalma ita ta fara jawo mini magana, kuma ita za ku fi gamuwa da ita cikin takardun aiki. Latin ce: "per" watau har ƙarshe, da "manere" watau zama. Kishiyarta "temporary", na wucin gadi. Abin da ta gagara shi ne canji. Abu permanent shi ne wanda ba a yanka masa ranar tashi ba. Ba ta nufin har abada ko kaɗan.

Ku duba misalai. Yaro ya kan fara da haƙora 20 waɗanda su ke faɗuwa, sa'an nan na manya 32 su fito, su ne permanent teeth. Amma je ka tambayi tsoho ko nawa suka rage masa. Babban Sakatare na ma'aikata ana ce masa Permanent Secretary domin ministoci suna zuwa suna wucewa shi yana nan, duk da haka shi ma ranar ritayarsa tana zuwa. A Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a 1945, ƙasashe biyar su ne permanent members: Amurka, Ingila, Faransa, Rasha da Sin. Sauran goma zaɓensu a ke yi, su yi shekara biyu su ba wasu wuri. Katin zaɓen da aka fara aiki da shi a zaɓen 2015 ma sunansa Permanent Voter's Card, domin ya maye gurbin na wucin gadi.

Ashe kawun yaron nan permanent clerk ne, watau an tabbatar da shi a aiki. Mu ma in mun gama kwas, abin da za mu nema ke nan, "a permanent appointment". Wanda ya rubuta wa hukuma yana neman "eternal appointment" ya ba akawu abin dariya na mako guda.

MAI DAWOWA DA MARAR TSAYAWA

Perennial. "Per" da "annus", watau shekara. Abin da ta gagara shi ne rani. A wajen masu ilmin tsiro, gero da masara da shinkafa annual ne, damina ɗaya su ke yi su mutu. Albasa da karas biennial ne, in an bar su sai a shekara ta biyu su ke yin iri. Goro da koko da kwakwar manja kuwa perennial ne, suna nan shekara da shekaru. Haka kuma koguna. Kwara da Binuwai, waɗanda suka haɗu a Lokoja, perennial rivers ne, ba sa ƙafewa. Amma da yawa cikinmu mun san rafukan Arewa da su ke komawa yashi da rani har sai an tona kafin a sami ruwa. Daga nan aka aro kalmar ga matsalar da ta ke dawowa kowace shekara: "the perennial problem of flooding."

Perpetual. Abin da ta gagara shi ne tsayawa. Shekaru ɗaruruwa mutane a Turai sun yi ta ƙoƙarin ƙera injin da zai yi ta juyawa da kansa ba mai ba shi ƙarfi daga waje, suna kiran wannan perpetual motion. Ba wanda ya taɓa cin nasara, gama gogayya kullum tana cin wani kashi na ƙarfin. A 1775 majalisar masana kimiyya ta Faransa ta gaji, ta ce ba za ta ƙara duba irin wannan inji ba. Cikin maganar yau da kullum an fi jin kalmar a bakin mai ƙorafi: "the perpetual noise of the motor park."

Continuous da continual. Waɗannan biyu su kan fito a jarrabawa. Continuous shi ne wanda bai yanke ba ko sau ɗaya: "continuous rain for six hours", ruwa ya yi awa shida bai ɗauke ba. Continual shi ne mai yi yana ɗaukewa yana dawowa: "continual rain in July". Akwai kuma incessant, marar fasawa, wadda kusan kullum ga abin haushi a ke faɗinta, kamar kukan sauro ko surutun 'yan aji.

KALMOMI MASU NAUYI

Yanzu mun zo ga kalmomin da ba a wasa da su.

Eternal da everlasting. Abin da suka gagara shi ne lokaci kansa. Masana sun bambanta su. Eternal shi ne wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Everlasting shi ne wanda ba shi da ƙarshe, ko da ya ke yana iya zama da farko. Wani masanin Rum mai suna Boethius, wanda ya yi rubutu cikin kurkuku wajen shekarar 524, ya yi bayanin irin wannan bambanci. Malamanmu na zaure ma sun san shi, gama suna da "azal" ta wajen farko da "abada" ta wajen ƙarshe. Musulmi da Kirista duk mun yarda Ɗaya ne kaɗai ba shi da farko. Amma kada ku matsa wa yara a kan wannan, domin Turawa da kansu su kan musanya kalmomin biyu, Littafi Mai Tsarki na Turanci ma yana amfani da su duka ga rai na bayan mutuwa. Abin da ya wajaba yaro ya sani shi ne, ba a sa su ga keke.

Gaskiya ne a kan yi amfani da eternal don girmamawa. Ana ce wa birnin Rum "the Eternal City". A Paris akwai wata wuta a kabarin sojan da ba a san sunansa ba, an kunna ta a 1923 don tunawa da waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, ana ce mata "eternal flame". Ga ta da ranar farawa, kuma kowace yamma sai an zo an yi bikin rura ta. Sunan kirari ne, kamar yadda mu ke yi wa sarakuna.

Immortal. "Mors" shi ne mutuwa a Latin, "mortal" mai mutuwa, immortal marar mutuwa. Abin da ta gagara mutuwa ce, saboda haka sai ga mai rai, ko kurwa, ko sunan da ya rage bayan mai shi. A nan Hausa ta kan yaudare mu, domin mu mu kan ce agogo ya mutu, keke ya mutu, kasuwa ta mutu. Yaro sai ya ɗauka keken da bai mutu ba immortal ne. A'a, durable ne. Faransawa suna da wata majalisa mai kula da harshensu, an kafa ta a 1635, tana da kujeru 40, ana yi wa masu zama a kai kirari da "immortals". Amma duk wanda ya rasu sai a zaɓi wani ya hau kujerarsa.

WUTA DA ƘISHIRWA

Kashi na biyu na darasinmu shi ne abin da ba ya yiwuwa a kashe. A nan Hausa ta taimake mu. Mu kan ce kashe wuta, mu kan ce kashe ƙishirwa. Turanci yana da fi'ili ɗaya mai yin aikin nan biyu, shi ne "quench": quench the fire, quench your thirst. Maƙeri ma in ya tsoma jan ƙarfe cikin ruwa, quench ya yi.

Amma mu da mu ke zaune nan Kudu sai mu yi hankali. Kullum muna ji a tasha ana cewa "motor don quench", ko a ce mutum ya yi quench, watau ya mutu. Wannan daidai ne cikin Turancin kasuwa, harshe ne mai ƙa'idarsa. A Turancin littafi kuwa sai wani ya yi quench ɗin wani abu. Fitila ba ta yin quench da kanta, sai a ce "the lamp went out".

Ɗan'uwan quench na Latin shi ne "extinguish". Kun san jan tulun nan na kashe gobara da a ke ajiyewa cikin mota, fire extinguisher. Extinguish tana kashe wuta da fitila da sa zuciya, amma ba ta kashe ƙishirwa. Ba a cewa "extinguish my thirst". Daga fi'ilan nan biyu aka sami siffofi biyu.

Unquenchable. An fi sa ta ga ƙishirwa da marmari da himma, kuma yawanci yabo ce: "an unquenchable thirst for knowledge", ƙishirwar ilmi wadda karatu ba ya kashewa sai dai ya ƙara ta.

Inextinguishable. An fi sa ta ga wuta da haske da sa zuciya. Kada ku zaci wutar da ta gagari ruwa tatsuniya ce. A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai wani gari, Centralia, inda aka yi ta haƙar kwal. A 1962 wuta ta shiga tsofaffin ramukan kwal da ke ƙarƙashin garin. An yi ta dabaru, an tona, an cike ramuka, duk a banza, domin iska tana shiga ta kafofin da ba a gani, kwal kuwa ga shi jibge. Ƙasa ta riƙa tsagewa, hayaƙi mai guba yana fita. A 1980 mutanen garin sun fi 1,000. Gwamnati ta biya su suka tashi, yau waɗanda suka rage ba su kai goma ba, wutar kuwa tana nan tana ci. Wannan ita ce inextinguishable fire. Mu da mu ke cewa gobara daga kogi maganinta Allah, me za mu ce da wadda ta fito daga ƙarƙashin ƙasa?

Ga wani abin mamaki. A harshen Girka, wanda masu karatun Sabon Alkawari suka sani da Helenanci, kalmar da ke nufin abin da ba a iya kashewa ita ce "asbestos". Ita ce ta zo cikin Matiyu 3:12 da Luka 3:17 ga wutar hukunci, masu fassarar Turanci ta 1611 kuwa suka juya ta da unquenchable. Yau kalmar nan suna ce ta wani ma'adini mai zare zare wanda wuta ba ta ci, wanda aka yi ta yin rufin ɗaki da silin da shi a ƙasar nan. Ku duba yadda kalma ta juya: daga wutar da ba ta mutuwa ta koma abin da ba ya kama wuta. Tun da ya zo a magana, ku sani ƙurarsa tana lalata huhu, tana kawo sankara, har Ingila ta hana amfani da shi ɗungum a 1999. In rufin ajinku irinsa ne ya fashe, kada ku sa yara su share shi.

Insatiable. "Satis" a Latin shi ne isa, daga nan "satisfy" ta fito. Insatiable shi ne wanda ba ya ƙoshi. Abin da ya gagara shi ne abinci, ko kuɗi, ko mulki. Yawanci zargi ce: insatiable greed, haɗamar da ba ta da ƙasa. A kan ce "insatiable curiosity" ga yaro mai yawan tambaya ba tare da zargi ba, amma in kana rubuta wa ɗalibi takardar shaida, unquenchable ta fi aminci.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce, wannan kuwa maganar rai ce. Kun lura "un" da "in" da "im" a gaban kalma su kan kawo ma'anar "ba". Amma ba kullum ba. Kalmar "inflammable" da mu ke gani a jikin tankar mai ba ta nufin abin da ba ya kama wuta. Nufinta abin da ya ke kamawa nan da nan, domin daga "inflame" ta fito, watau cinna wuta. Saboda ruɗun nan ne yanzu aka fi rubuta "flammable", ma'anarsu ɗaya. Kishiyarsu ita ce "non-flammable". Ku koya wa yara wannan ko da ba ya cikin manhaja.

ABIN DA BA YA GOGUWA

Indelible. "Delere" a Latin shi ne shafewa, shi ya haifi "delete" da mu ke gani a waya da kwamfuta. Abin da ta gagara shi ne sabulu da magogi. Tawadar da a ke shafa wa mai zaɓe a yatsa don kada ya sake jefa ƙuri'a sunanta indelible ink. Akwai wani sinadari na azurfa a cikinta wanda ya ke kama fata ya yi duhu in haske ya taɓa shi, ba ya fita sai fatar ta sake ko farcen ya girma. Indiya ta fara aiki da ita a babban zaɓenta na 1962. Daga tawada aka aro kalmar ga zuciya: an indelible memory, abin da mutum ya gani ba ya mantawa. In za ka fassara wa Bature karin maganarmu cewa hali zanen dutse ne, wannan kalma za ka nema.

Unfading, marar koɗewa, ita ce ta launi da fure da kyau. Tana da wata 'yar'uwa ta littafi, "amaranthine", daga kalmar Girka mai nufin abin da ba ya yanƙwanewa. Sunan tsiron da ta fito daga gare shi amaranth, ba wani abu ba ne kuwa illa dangin alayyafonmu. An ba shi sunan ne domin furen waɗansu irinsa ya kan riƙe launinsa ko ya bushe. Mai sayar da alayyafo da ta ke yayyafa masa ruwa tun hantsi don kada ya kwanta, da ta ji sunan nan da ta yi dariya. Ku san kalmar, amma kada ku sa ta cikin wasiƙa.

YADDA ZA A KOYAR

Na ɗaya, kada ka ba yara fiye da kalma biyu a rana. Na biyu, kowace kalma ka kawo ta da abokiyar tafiyarta, kada ta zo ita kaɗai: durable shoes, permanent job, perennial river, unquenchable thirst, indelible ink. Na uku, ka kawo kishiyarta in tana da ita: permanent da temporary, perennial da annual, immortal da mortal. Na huɗu, ka nuna da hannu. Rubuta suna da alli a allo, rubuta da tawada a ƙyalle, ka ba yaro jiƙaƙƙen tsumma ya goge su duka biyu. Bayan wannan ba sai ka yi dogon bayanin indelible ba. Na biyar, ka lura da rubutu: perennial "n" biyu ce, indelible da "ible" ta ke ƙarewa, permanent da "ent". Insatiable kuwa "t" ɗinta kamar "sh" a ke furta ta.

AIKIN YI

Cika gurbi da kalmar da ta dace. Kafin ka rubuta, tambayi kanka abin da aka gagara.

1. Khaki is a ...... cloth.
2. After two years on probation she was given a ...... post.
3. The Benue is a ...... river.
4. The dye is ......; it will not run.
5. The voter's finger was marked with ...... ink.
6. The boy has an ...... thirst for learning.
7. The trader's ...... greed ruined him.
8. Petrol is highly ......

Amsoshi: 1, durable. 2, permanent. 3, perennial. 4, fast. 5, indelible. 6, unquenchable. 7, insatiable. 8, inflammable ko flammable.

Ni dai kafin in bar makarantar nan na koma ajin, na gaya wa yara laifin nawa ne, muka sake darasin daga farko cikin kwana biyar. Yawancinsu sun gyara. Amma ran jarrabawar ƙarshen zango, yara uku suka sake rubuta eternal inda ya kamata su sa durable. Abin da na rubuta a allo cikin minti ɗaya, ɗan aji ya goge shi kafin a tashi, amma mako uku bai isa ya fitar da shi daga kawunansu ba. Kowannenmu zai tsaya gaban yara arba'in ko hamsin kowace shekara, yawancinsu kuwa ba su da ƙamus a gida, abin da malam ya faɗa shi ne ƙamus ɗinsu. Saboda haka in yaro ya tambaye ka kalmar da ba ka tabbata ba, ka ce masa, "Bari in duba, gobe na gaya maka." Ba abin kunya ba ne.

Wanda ya ga gyara cikin darasin nan, ko yana da waɗansu kalmomi irin waɗannan da suka taɓa ba shi wuya a aji, ya miƙa wa Edita domin fitowa ta gaba, mu ƙaru da juna.